Babi na Shida: Kafin a Huda Bango

Duk batirin litiyom da aka ƙera don ratayewa yakan zo a kwalinsa tare da ƙarfen rataya, da notuna 4 ko 6 a cikin leda, da 'yar takarda mai zane. Ko wane kamfani ne ya yi shi, zanen kusan ɗaya ne: ga bango a miƙe, ga ramuka a jere, ga batir a manne. Abin da zanen bai nuna ba shi ne da me aka gina bangon. Injiniyan da ya zana takardar a can China kankare ne a ransa, ko gasasshen jan bulo, ko ginshiƙan katako da aka jera bisa awo. Bai san ginin tubali na Dogon Dawa ko Kuyello ba. Bai san bulon da ake bugawa a bakin hanya da yashi mai yawa da siminti ɗan kaɗan ba. Shagon katako da kwano na bakin tasha kuwa bai taɓa shiga irinsa ba.

A babin da ya gabata mun yi lissafin girman batirin da gida ko shago ke buƙata. To, ga shi ya iso, an sauke shi daga mota. Ina za a sa shi?

Wannan tambaya ta fi tsanani a ƙasar Birnin Gwari fiye da cikin Kaduna ko Kano. A nan sola ba kayan ado ba ce. Ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin turken wuta ba, inda kuma aka ja layi, daji ya ratsa, in ya faɗi gyaransa sai an shirya. Duk Arewa ta ɗanɗani wannan a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohi suka kwana da yawa cikin duhu, masu gyara suna jiran a ba su tsaro kafin su shiga wurin. Tun kuma da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, janareta ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago. Da aka fara samun sauƙin matsalar tsaro, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan shekaru tana rufe, kuɗi ya soma juyawa, kuma cikin abubuwan da mai shagon caji, da mai kemis, da mai sayar da ruwan sanyi ke fara tunani akwai batir. Kuɗinsa kan kai miliyan ko ya haura. Ga wasu amfanin gonar shekara ne gaba ɗaya. In ya faɗo ya lalace, mai gyara ko mai musanya yana Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100 ta hanyar Buruku, kuma ba kamfanin da zai karɓi batirin da ya fashe saboda bango ya sake shi.

Nauyin da ido ke rainawa

Batirin da 'yan kasuwa ke kira mai kilowat 5 yakan yi kilo 45 zuwa 50. Mai kilowat 10 yakan kai kilo 85 zuwa 100, wato cikakken buhun masara. Powerwall 2 na kamfanin Tesla, wanda ya sa ratayen batir a bango ya zama yayi a duniya, kilo 114 ne. Babu manomin da zai yarda a rataye masa buhun masara da ƙusa a saman inda 'ya'yansa ke wasa. Amma da yake batir ya zo fari tas, da ɗan gilashi mai nuna lamba a gabansa, sai ido ya raina shi.

Abin da aka rataye yana wahalar da bango ta hanya biyu, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce jan da yake yi zuwa ƙasa, kamar zai yanke noti. Wannan ba abin tsoro ba ne sosai, domin ƙarfen noti mai kaurin milimita 10 ba ya yankewa da kilo 100. Ta biyu ce ke kawo ɓarna. Batir yana da kauri, nauyinsa ba a jikin bango yake ba, ya ɗan turo waje. Saboda haka kullum yana neman kifowa gaba: gindinsa na danna bango, samansa na fizgo notunan sama daga raminsu.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka batir kilo 100 ne, tsakiyar nauyinsa kuma tana santimita 12 daga bango. Idan tsakanin notunan sama da inda gindinsa ya dogara da bango akwai santimita 40, sai a ninka 100 sau 12, a raba da 40, a sami 30. Ƙarfin kilo 30 ke nan ke fizgar notunan sama. Amma idan ƙarfen ratayar gajere ne, tsawonsa santimita 10, gindin batirin kuma yana reto bai taɓa komai ba, lissafin ya koma 120. Batir ɗaya, bango ɗaya, amma fizgar ta ninka sau 4. Shi ya sa 'yan ƙafafun roba ko ƙaramin ƙarfen da ke zuwa don tokare gindin batir ba abin yarwa ba ne, ko da yake su ne masu haɗawa suka fi bari a cikin kwali.

Sau da yawa in an gama aiki za ka ga mai haɗa sola ya kama batirin ya ɗan ja, ya juyo ya ce, "Alhaji, ka gani, ko motsi ba ya yi." Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar wannan minti ce. Batir zai zauna shekara 10 dare da rana. Tireloli za su wuce ƙasa ta girgiza, injin niƙa na maƙwabta zai yi ta aiki, damina za ta jiƙa bango, hunturu ya busar da shi. Saboda wannan ne masu ƙera notunan gini kan ba da shawara kada a ɗora wa noti fiye da kashi 1 cikin 4 na nauyin da zai iya tumɓuke shi.

Bangon katako

A Amurka da Kanada yawancin gidaje ƙashinsu katako ne. Ana tsayar da ginshiƙai na katakon da ake kira 2 da 4, tazarar inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, sannan a rufe su da allon farar ƙasa mai kaurin rabin inci. Allon nan ba ya riƙe komai mai nauyi. Duk ƙa'idar rataya a can ta taru a wuri ɗaya: a nemo ginshiƙin da ke ɓoye a bayan allo, a sa sukuru a tsakiyarsa daidai. Fuskar ginshiƙin inci ɗaya da rabi ce kacal. In hannu ya kauce da rabin inci, sukurun ya shiga gefe, ya tsaga katakon daga ciki, kuma daga waje ba mai ganewa.

Mu ba mu gina ɗakin kwana haka, amma irin wannan bango yana ko'ina a kasuwanninmu. Shagon caji, rumfar mai POS, ɗan ɗakin da aka yanka da filawud a bayan kemis, ofishin da aka raba biyu da silin: duk firam ne na katako aka lulluɓe. Bambancin shi ne namu ya fi nasu rauni. Kafinta yakan yi amfani da 2 da 2 ko 2 da 3, tazara kuma da ido yake aunawa, wani wuri ƙafa 2, wani wuri ya fi. Ƙusa ce ke haɗa komai. An yi shi ne don ya tare ido da iska, ba don ya ɗauki kaya ba.

In har ya zama dole a rataya a irin wannan bango, to a fara cire filawud ɗin a ga abin da ke ciki. Ba a huda a makance. A duba gindin kowane ginshiƙi, a soka masa bakin sukudireba. In ya shige da sauƙi gara ta riga ta gama da shi, ko da samansa na da kyan gani. Ramukan ƙarfen rataya da wuya su faɗa daidai kan ginshiƙai, saboda haka sai a gicciya katako 2 masu ƙwari, irin 2 da 6, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne ya kama ginshiƙi 3, sannan a ɗaura ƙarfen a kansu. Wasu kan sa filawud mai kaurin milimita 18 a maimakon haka. Ƙusa ba ta da gurbi a wannan aiki: jikinta sumul yake, ta hanyar da ta shiga ta nan take fita. Abin da ake so shi ne dogon sukuru mai kaurin milimita 8 wanda zai nutse aƙalla santimita 6 cikin katako, a kuma fara huda masa siririyar hanya don kada ya tsaga itacen. Mafi alheri shi ne noti ya ratsa katakon ya fito ta baya, a sa masa faffaɗan washa a ɗaure.

Ko an yi wannan duka, da sauran magana. An ɗaure batir a jikin firam, to shi firam ɗin me ya riƙe shi? Idan ƙusa 2 ce ta haɗa shi da katakon rufi, ƙasansa kuma yana zaune ne kawai a kan daɓe, batirin ba zai tsinke daga bango ba, bangon ne gaba ɗaya zai biyo shi.

Akwai kuma batun irin itacen. Dajin da ya kewaye Birnin Gwari, wanda gandun Kamuku ke cikinsa, gandun da aka mayar na ƙasa a 1999 mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100, dajin doka ne, da maɗaci da ƙawo da maje da madobiya da kirya jefi-jefi. Kafintocin da sun san halin kowanne. Kirya taurinta ya sa ake sassaƙa turmi da ita, gara ma tana shakkarta. Maɗaci da ƙawo suna riƙe sukuru. Maje ya fi su laushi, ƙwari kuma na son sa. Sai dai masu taurin su ne masu gawayi da masu injin yanka suka fi bi, har ta kai madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe tun 2017. Abin da mai shago ke samu a wurin masu katako yanzu sau da yawa farin katako ne mara nauyi, ko ɗanyen da aka yanka kwanan nan. Ɗanyen katako yana ƙanƙancewa in ya bushe. Notin da aka ɗaure tamau a watan Agusta, kafin Janairu, lokacin da iskar hunturu ta tsotse laimar da ke cikin itacen, za a tarar yana juyawa da yatsa. Ba na kuma so wannan babi ya zama dalilin da wani zai sa a sare kirya saboda batir. Dajin ya sha sara ya isa. Ƙarfen angul na wurin mai walda ya fi kowane katako dacewa da wannan aiki, ba ya bushewa, gara ba ta cin sa.

Ra'ayina a kan shagon katako da kwantena mai siririn kwano a fili yake: inbata da akwatin bireka su hau bango, batir ya sauka ƙasa.

Bulo mai rami

Yawancin sabon gini a cikin gari bulo ne, mai inci 9 a waje, mai inci 6 a ciki. Mutane suna ganinsa kamar dutse, alhali galibin cikinsa rami ne. Naman da ke tsakanin waje da ramin, a bulo mai kyau, inci ɗaya da rabi ne zuwa 2. Hukumar SON ta shimfiɗa ƙa'idar ƙarfin da bulo ya kamata ya kai, amma binciken da malaman jami'o'in ƙasar nan suka yi ta maimaitawa a garuruwa daban-daban ya nuna bulon kasuwa da yawa bai kai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: siminti ya yi tsada, mai bugawa yana matsa wa buhu ɗaya ya fitar da fiye da abin da ya kamata, sannan ba a ba bulon ruwa na kwanakin da yake buƙata. Wani bulon da farce ma za ka kankare shi.

Notunan da ke zuwa cikin kwalin batir galibi irin masu buɗewa ne: in aka ɗaure, gindinsu ya bubbuɗe ya cije jikin ramin. A cikin kankare wannan cizo yana riƙewa. A cikin bulo mai rauni, cizon ne da kansa ke farfasa yashin da ya kamata ya riƙe. Ƙari a kan haka, injin huda in an sa shi a kan bugu yakan ɓantare naman bulon ta ciki, ya rage rabin abin da noti zai kama. Robar fisha kuwa, wadda ake rataye agogo da labule da ita, kada ma a kawo ta kusa.

Garin da ke fitowa lokacin huda yana ba da labari ga wanda ya tsaya ya duba. In injin yana shiga da ƙyar, gari mai toka-toka na fita, an sami kankare ko bulo mai kyau. In ya ɗan shiga sai ya zurma fanko, rami ne. In yashi ne ke zubowa kamar ba siminti, to a tsaya nan.

Hanyoyin gyara 3 ne, kuma ba ɗaya suke ba. Mai ginin da bai gama ba shi ya fi kowa sa'a: ya zaɓi bangon batir tun yanzu, ya sa birkila ya cika ramukan bulon wurin da kankare, faɗin kamar mita ɗaya, daga tushe har tsayin ƙirji. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda gininsa ya riga ya tsaya zai iya sa a fasa bulo daga sama a zuba kankare cikin ramukan, sai dai ya yi haƙuri: kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kuma ko ana sauri a ba shi mako 2. Hanya ta uku, wadda na fi amincewa da ita a tsohon bango, ita ce a ratsa shi gaba ɗaya da rodi mai zare na milimita 10 ko 12, a sa faffaɗan ƙarfe a bayan bangon ya haɗa rodin biyu-biyu, a ɗaure daidai wa daida ba tare da an murƙushe bulon ba. Ta haka nauyin ya bazu a kan bulo da yawa. Wasu ba sa son ganin ƙarfe a ɗaya ɗakin. Filasta da fenti suna rufe shi.

Kafin a huda ko'ina, a tambayi wanda ya yi wayarin gidan inda bututun waya ya bi. Galibi yakan miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunni.

Ginin ƙasa

A ƙauyukan Birnin Gwari, da tsofaffin unguwannin cikin gari, ginin ƙasa ne ya fi yawa, kuma a nan amsar gajera ce: ba a rataye batir a bangon ƙasa. Ba don ginin ƙasa rarrauna ba ne. Katangar tubali mai kauri tana ɗaukar soro shekara da shekaru. Amma ƙasa danna ta sani, ba ta san ja ba. Ka ɗora mata nauyi daga sama ta riƙe. Ka soka mata ƙarfe ka ja, sai ta saki. Da damina kuma, a yankin da ruwan shekara ke haura milimita 1,000, laima na hawowa daga tushe tana tausasa ta. Shafen siminti da ake yi wa ginin ƙasa ya fi komai yaudara, domin yana sa bango ya yi kama da na bulo, alhali ɓawo ne da ba ya manne wa ƙasa sosai. Ka ƙwanƙwasa za ka ji wurare suna amsawa fanko.

Maginan da sun fahimci wannan sarai. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma labarin baka ya ce aikinsa na ƙarshe a Birnin Gwari ya yi shi. Wanda ya duba bakunan ginin da ya bari zai ga ba inda ya bar ƙasa ita kaɗai ta yi aikin ja. Duk inda ake buƙatar abin da zai jure lanƙwasa, azarar giginya ya binne a ciki, hawa-hawa, ita kuma ta miƙa nauyin ga ginshiƙi, ginshiƙi ya kai shi tushe. Kowane nauyi sai da aka nema masa hanyar da zai bi ya isa ƙasa. Tambayar da mai haɗa sola ya kamata ya yi wa kansa ke nan kafin ya ɗauki injin huda: wannan kilo 100, ta ina zai bi ya sauka?

Amsa mafi sauƙi ita ce a ba shi ƙafafu. Birkila ya gina ɗan dakali na bulo cike da kankare, tsayin kamar santimita 30, ko mai walda ya haɗa teburin ƙarfen angul mai inci 2, da ƙafafu 4 da aka ɗaure a daɓen siminti, da dogon baya inda za a ɗaura ƙarfen ratayar da ya zo da batirin. Ta haka batirin yana tsaye yadda kamfani ya tsara, amma ƙasa ce ke ɗauke da shi. A gama walda da fenti a waje kafin a shigo da batir ɗakin. Wanda kuma bai riga ya saya ba, ya nemi irin mai tayoyi ko mai zama a kan tebur tun farko.

Dalilan da ke sa mutane son bango duk masu ma'ana ne: kada ruwa ya shigo ya taɓa shi, kada yara su yi wasa da shi, kada ɓarawo ya sunkuce. Dakali ya magance ruwa. Kejin ƙarfe mai raga da kwaɗo ya magance sauran biyun, iska kuma tana shiga. Ko a bangon da ya cancanta, babu amfanin kai batir sama da kai. Gindinsa ya tashi ƙafa ɗaya ko 2 daga ƙasa ya wadatar. Ɗagawa ta fi sauƙi, faɗuwa kuma in ta zo ba ta yi nisa ba.

Batirin ruwa, dogon nan mai amfiya 200 ko 220 da ake ƙara wa ruwa, shi ba a ma maganar rataya. Guda ɗaya ya haura kilo 60, cike yake da asid, kuma yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa. Wurinsa ƙasa, a kan tebur mai ƙarfi, kusa da taga. Maganar da ake yi cewa daɓen siminti na shanye cajin batir ta samo asali ne tun zamanin da ake yin gidan batir da katako ko baƙar roba mai tsatsa. Na yanzu ba ya yin haka. A ɗaga shi dai saboda ruwa.

Wane ɗaki, wane gefe

Bango mai ƙarfi a wurin da bai dace ba shi ma matsala ne. Yawancin baturan litiyom na gida da ake sayarwa yanzu irin wanda ake kira LFP ne, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka bayyana a Jami'ar Texas wajen 1997, kuma ya fi sauran nau'o'in wuyar kamawa da wuta. Wuya dai, ba rashin yiwuwa ba. Dokar gini ta gidaje a Amurka ta hana sa batir a ɗakin kwana, ta kuma nemi tazarar ƙafa 3 tsakanin batir da batir sai in an gwada an tabbatar ba sai da ita ba. Ƙa'idar Ostareliya ta 2019 ta hana sa shi dab da ƙofar fita ko taga, ta kuma ce in akwai ɗakin zama a bayan bangon da zai iya ci da wuta, a sa abin da ba ya ƙonewa a tsakani. Hikimar ta shafe mu kai tsaye. Ɗakunanmu da yawa ƙofa ɗaya gare su, tagogi kuma an yi musu ƙarfe saboda tsaro. Batirin da aka manna kusa da wannan ƙofa ɗaya, in ya yi hayaƙi cikin dare, ya tare hanyar fita. Haka nan zaure ko shagon da ake ajiye jarkar fetur ta babur bai dace da batir ba.

Zafi ma yana cin batir a hankali. Bangon yamma yana shan rana daga azahar zuwa la'asar, a watan Maris da Afrilu har bayan isha'i yana da ɗumi, batirin da ke manne da shi kuma yana sha tare da shi. Bangon cikin gida, wanda rana ba ta bugu, ya fi. A bar tazara a sama da gefe yadda takardar kamfani ta ce, kada a jibga kaya a kai.

Mafi yawan aikin da aka yi da garaje ba mugunta ce ta jawo shi ba. Mai haɗawa ya taso daga Kaduna da safe, yana so ya kama hanya kafin rana ta yi sanyi, domin shekarun da aka sha a kan wannan hanya sun koya wa kowa kada dare ya same shi a daji. Bango kuwa shi ne abin da ya fi saurin gamawa. Saboda haka maigida ya raba aikin gida biyu. Tun kafin ranar, ya tambayi nauyin batirin da awon ƙarfen ratayarsa ta waya, ya sa birkila da mai walda na garinsu su gama nasu. In an kafa marataya, a gwada ta da buhunan yashi masu ninkin nauyin batirin, su kwana a kai, da safe a duba. Mai haɗawa in ya zo ya tarar da wuri a shirye, sai ya ba wayoyi da bireka lokacinsu. Ba laifi ba ne kuma a tambaye shi, cikin mutunci, ko yana da shaidar hukumar NEMSA, wadda ita ke tantance masu aikin lantarki a ƙasar nan. Wayoyin batir su kasance da ɗan sassauci, a kama su da bango daban, kada nauyinsu ya rataya a bakin batir, kuma fis ko bireka ya zauna kusa da shi ƙwarai, domin batir mai bolt 48 in wayoyinsa suka haɗu yana iya narkar da sifana.

Bayan an gama, dubawa sau 2 a shekara ta isa: tsakiyar damina da tsakiyar hunturu. Garin yashi a ƙasan batir, siririyar tsaga da ta taso daga wurin noti, ko tazarar da ta buɗe tsakanin saman batir da bango har yatsa na shiga, kowanne daga ciki ya isa a kashe na'ura a sauke shi a ranar.

Idan kuma ya riga ya faɗo, kada a ɗaga shi a mayar a kunna don an ga gilashinsa na nuna lamba. Ɓarnar da faɗuwa ke yi a cikin ƙwayoyin batir takan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin ta bayyana. A kashe bireka, a cire wayoyi. In bai yi zafi ba, ba ya wari, mutum 2 ko 3 su fitar da shi fili a inuwa, a kan ƙasa ko siminti, nesa da danga da rumbu da jinka, a hana yara zuwa wurin, a kira wanda ya sayar. In kuwa ya kumbura, ko yana huci, ko wani wari mai ɗan zaƙi na fita, kada kowa ya taɓa shi: a fitar da mutanen gida, a tsaya ta inda iska ke tasowa, domin hayaƙinsa guba ne.